Cukun Ruga da Gishirin Awe a Cikin Tattasai

(Kiɗan buɗe shiri)

 Masu sauraronmu na Awe da Tunga da Azara, da na Keana da Obi har zuwa cikin Lafiya, barkanmu da warhaka. Iyayena mata, yayyena da ƙannena, a matso kusa da rediyo, yau shirin na madafa ne. Maigida ma kada ya tashi, akwai maganar cefane a ciki.

A ƙasashen da ke gaɓar Bahar Rum akwai wani kayan lambu da ake ji da shi, Turawa na ce masa atishok, Larabawa kuma harshuf. Dangin ƙaya ne, kuma abin da ake ci furensa ne tun bai buɗe ba. Girmansa ya kai dunƙulen hannun babban mutum, da kaurin ganye a jere, wani bisa wani, kamar kan ƙaramar abarba. Masar da Italiya da Sifaniya su ne kan gaba wajen nomansa, kuma a Masar yankin Kafr el-Dawwar, kusa da Iskandariya, ya yi suna a kansa. Matan Italiya kan yanke masa kai, su buɗa ganyayen da yatsa, su ƙwaƙule gashin da ke tsakiya don yana maƙale wa mutum a wuya, sannan su cusa garin busasshen burodi da tafarnuwa da gogaggen cuku a tsakanin ganyen. Su jera a tukunya da ɗan ruwa da man zaitun, su rufe, ya turaru wajen minti 45 zuwa awa ɗaya. Ganye-ganye ake cinsa, ana jan naman da haƙori, har a isa ga zuciyarsa mai laushi.

Wannan tsiro sanyi yake so. Zafin kwarin Binuwai ba zai bar shi ya yi ƙwari ba, kuma ba zan sa kowa ya tafi neman abin da babu shi a kasuwarmu ba. Dabarar nake so mu ɗauka: a sami kayan lambu mai rami a ciki, a cika shi da cuku da kayan ƙamshi, a dafa a hankali. Tattasai muna da shi, gauta da yalo da kabewa muna da su. Shanu ga su nan kewaye da mu, gishiri kuwa a ƙarƙashin ƙafarmu yake. Abin da ke damuna shi ne, da duk wannan arziki, yara da yawa a garuruwanmu kan yi mako ba su ɗanɗana nama ko kifi ko ƙwai ba, alhali da damina madara kan yi yawa a ruga har Bafulatana ta rasa mai saye.

To, bari mu fara da cukun, don shi ne ginshiƙin abin.

Cuku iri-iri ne. Wanda ya taɓa zuwa Agadas ko Tawa a Nijar ya san nasu, falle-falle, busasshe, wanda ake shanyawa a kan tabarma ana ci da shayi ko a daka a fura. Su da tumbin ɗan akuya mai shan nono suke kama madararsu. Wanda muka fi gani a wannan sashe kuwa shi ne fari mai laushi, wanda matan Fulani ke kawowa a cikin ruwansa, ana ce masa wara, wasu su ce awarar nono don a bambanta shi da ta waken suya. A Jamhuriyar Benin da arewacin Ghana wagashi suke kiransa, har sukan rina shi ja da karan dafi. Wannan da tumfafiya ake yinsa. Ƙwarai kuwa, tumfafiyar nan ta bayan gari da bakin hanya, wadda ko akuya ba ta cika kula ta ba.

Akwai wani sinadari a cikin farin nonon tumfafiya da ke yanka furotin ɗin madara, sai madarar ta kama jikinta ta saki ruwa. Kuma ga abin da ya burge ni ƙwarai: ɗan uwan atishok na daji, wanda ake kira kardun, shi ma aikin da yake yi ke nan. A duwatsun Serra da Estrela na ƙasar Fotugal, makiyaya kan shanya furensa, su jiƙa, su tace a cikin madarar tumaki, su yi cukun da yau ake sayarwa da tsada a manyan biranen Turai, har doka ta kare sunansa. A Sifaniya ma haka ake yin wanda ake kira Torta del Casar. Ilimin da ke hannun Bafulatana ta rugar bayan Awe da wanda ke hannun makiyayin Fotugal abu ɗaya ne. Su sun daraja nasu, sun yi masa suna da kasuwa. Namu kuwa har yanzu a ƙwarya yake yawo a rana, kwana 2 ya yi tsami a zubar. Wannan yana yi mini ciwo.

Uwargida, ki saurara da kyau a nan. Wannan cuku ba ya yiwuwa da nono ko kindirmo, sai da sabuwar madara, tatsar safe, wadda ba ta fara tsami ba kuma ba a cire mata mai ba. Bafulatanar da kika saba sayen nono a hannunta, ki gaya mata tun jiya ta ware miki, ki ba ta mazubi mai murfi wanda kika wanke da kanki. Kada ki yi mata ciniki mai tsanani. Farar saniyarmu ta Bunaji da wuya a tatsi abin da ya wuce lita 2 a jikinta a rana bayan ɗan maraƙi ya sha nasa, kuma sai an haɗa wajen lita 5 kafin a sami kilo 1 na cuku. Kin ga ke nan tatsar shanu uku ko huɗu ce za ki ɗora a wuta.

Ki tace madarar da ƙyalle mai tsabta, ki zuba a tukunya, ki ɗora a kan garwashi marar ƙarfi. Yayin da take ɗumi, ki ɗauko ganyen tumfafiya matsakaita, 4 ko 5 sun isa lita 5. Ki wanke su, ki daddaka a turmi, ki zuba musu ludayi biyu na madarar mai ɗumi, ki bari su jiƙu na ɗan lokaci, sannan ki tace ruwan a cikin tukunya ki juya sau ɗaya. Daga nan ki cire ludayi, ki ƙyale ta. Wajen nan ne mai gaggawa ke ɓata aikinta, ta yi ta juyawa tana ƙara wuta, cukun ya farfashe ya zama tsaki-tsaki. Mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Cikin minti 15 zuwa 20 za ki ga saman madarar ya tsaya cak, gefen tukunya ya fara nuna wani ruwa garai-garai mai ɗan launin rawaya da kore, farin kuma ya janye daga jikin ƙarfe. In kika taɓa da bayan ludayi sai ki ji ya yi rawa gaba ɗayansa. A lokacin ne za ki ƙara wuta, ki bar shi ya tafasa wajen minti 20.

Tafasar nan aiki uku take yi. Tana matse ruwa daga cikin cukun ya yi ƙarfi. Tana kashe sinadarin tumfafiyar, wanda in an bar shi da rai zai ci gaba da cin cukun har ya yi ɗaci. Sannan tana kashe ƙwayoyin cutar da kan biyo ɗanyar madara, musamman tarin fuka na shanu da cutar da makiyaya ke kira bakkale, mai sa shanu ɓari, wadda a jikin mutum take zuwa da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin maleriya ba sauƙi. Saboda haka kada a rage wa tafasa lokaci don tsimin gawayi.

Gargaɗi biyu a kan tumfafiya, kuma don Allah a riƙe su. Nononta in ya shiga ido yana iya dushe gani, don haka kada a aiki yaro ya tsinko, kuma wadda ta daka ta wanke hannu da sabulu kafin ta taɓa fuskarta. In tsautsayi ya sa ya faɗa ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta, a nufi asibiti. Na biyu, ganyen yana da dafi in ya yi yawa. Kaɗan ake sawa, a tace shi tas, ba a barin ɗigon ganye a cikin madara. Wadda hankalinta bai kwanta da tumfafiya ba, lemon tsami ko ruwan tsamiya zai yi mata: ta bari madara ta tafaso, ta sauke, ta riƙa zuba tsamin kaɗan-kaɗan har ta tsinke. Wannan cukun ya fi saurin marmashewa, amma tunda cusa shi za mu yi, marmashewar ma alheri ce. Ruwan da ya fita daga na lemon tsami kada a zubar, a dama kunu da shi ko a kwaɓa fulawa.

Ki kwashe cukun da ludayi mai huji ki zuba a ƙananan kwanduna ko rariya da aka shimfiɗa wa ƙyalle, ki bar shi ya tsane. Ba ya bukatar danni mai nauyi.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, muna tare a shirinmu na madafa, kuma yanzu mun iso kan gishiri, inda mutanen Awe ba sa bukatar wani ya koya musu komai. Tun kafin zuwan Turawa fatake ke tako ƙasa daga ƙasar Hausa da sauran wurare don gishirin Awe da Keana da Azara. Aikin kuma a hannun mata yake: da rani a kankaro ƙasar da ruwan gishiri ya jiƙa rana ta busar, a zuba a tukwane masu huji, a kwarara ruwa ya tsatso, a dafa ruwan har ya ƙafe ya bar farin gishiri. Wanda ya tashi da shi a baki ya san ɗanɗanonsa dabam yake da na leda.

Ga amfaninsa a wannan aiki. Cuku in an bar shi a cikin ruwansa, a zafi irin namu, kwana 2 ko 3 ya lalace. Amma in kika tafasa ruwa da gishiri, ya ji gishiri fiye da yadda za ki sa a miya, kika saka cukun ya ɗan dahu a ciki na minti 10, zai ƙara ƙarfi, ya sami ɗanɗano, ya kuma ƙara kwana. Gobe in bai ƙare ba ki sake tafasa shi. Masu sayarwa su ji wannan da kyau: cukun da aka gama tafasawa tsarkakakke ne, hannu da ruwan rafi da ƙuda su ke mayar masa da cuta. A rufe shi, a ɗauka da cokali, kada mai saye ya riƙa latsawa da yatsa yana gwada taurinsa.

Wata magana kuma da ba zan tsallake ba, ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Tun 1993 Najeriya ta wajabta sanya sinadarin aidin a gishirin da ake sayarwa, don maganin maƙoƙo da kuma kare ƙwaƙwalwar jarirai tun suna ciki. Gishirinmu na gida ba ya bi ta masana'antar da ake ƙara masa wannan sinadari. Ni ina son gishirin Awe, ina kuma so sana'ar iyayenmu ta ɗore, amma gidan da ke da mai juna biyu ko ƙananan yara kada a rasa gishiri mai aidin a cikinsa. A yi ruwan cuku da na gida, a sa na leda a miyar yau da kullum.

Yanzu sai haɗin da za a cusa. Akwai bambanci babba tsakanin cukunmu da wanda matan Italiya ke gogawa a atishok. Nasu tsoho ne. Wanda ake kira Parmigiano sai ya yi aƙalla wata 12 a ajiye kafin a sayar, ya bushe, ya yi gishiri, ya yi ƙarfin ɗanɗano, shi ya sa kaɗan suke barbaɗawa. Namu na jiya ne ko na yau, salam yake, sai abin da kika ba shi. Kuma ba ya narkewa a wuta, ko kin soya shi yana nan da siffarsa. Don haka abu biyu za ki nemo masa: abin da zai ba shi ɗanɗano, da abin da zai haɗe shi.

Ɗanɗanon yana cikin daddawa. Sinadarin da ke taruwa a tsohon cukun Italiya ya ba shi wannan garɗi mai kama harshe, shi ne dai ke taruwa a ƙwayar ɗorawa idan ta kwana uku a rufe ta zama daddawa. Wadda ke da daddawa mai kyau a madafarta ba ta bukatar cukun da ya tsallako teku, ba ta ma bukatar tulin dunƙulen da muke ta jefawa a kowace tukunya. Abin haɗewa kuwa ƙwai ne.

Ga awo na gida mai mutum biyar ko shida. Manyan tattasai 10, a zaɓi masu kauri, miƙaƙƙu, waɗanda ba su fara yaushi ba. Koren tattasai mai faɗin ciki ya fi ɗaukar kaya in an same shi. Cuku rabin kilo. Ki yanka albasa 2 ƙanana-ƙanana ki soya a man gyaɗa ko man shanu har ta yi laushi, ki zuba dakakkiyar tafarnuwa da citta da attaruhu gwargwadon bakin gidanki, da daddawa ƙwaya ɗaya da kika daka lukui. Idan ƙamshi ya tashi, ki watsa zogale cikin tafi biyu, wanda kika riga kika ɗan tafasa kika matse. Ki sauke. Ki marmasa cukun da hannu a kai, ki ƙara dafaffiyar shinkafa kofi ɗaya, ta gida wadda ake nomawa a fadamunmu ta fi kama jiki, da garin ƙuli-ƙuli cokali 3. Ki ɗanɗana gishiri tun yanzu, kafin ƙwai ya shiga. Ki jira haɗin ya huce sannan ki fasa ƙwai 2 ki cakuɗa, don in da zafi ƙwan zai dahu tun a kwano ya kasa riƙe komai.

Ki yanke kan tattasan ki ajiye hular a gefe. Ki sa ƙaramin cokali ki fitar da 'ya'yan da farin jijiyar ciki, ki kula kada ki huda gindin. Ki cusa haɗin da yatsa har ƙasa, amma kada ki danna shi tam, ki bar ɗan wuri a sama domin ƙwai da shinkafa za su kumbura. Tattasan da aka cika maƙil fashewa yake yi a tukunya. Ki mayar da hular, ki soke da tsinke.

A gindin tukunya ki yi 'yar miyar tumatir da albasa, mai ɗan ruwa-ruwa. Ki jera tattasan a tsaye, su jingina da juna, in dogaye ne ki kwantar da su a jere. Miyar kada ta wuce sulusin tsayinsu, don tururi ne zai dafa saman, in ruwa ya rufe su sai haɗin ya jiƙe ya zube. Ki rufe da murfi mai kama baki, wuta ƙasa-ƙasa. Jan tattasai mai siririn jiki minti 20 ya ishe shi, kore mai kauri ya kai 30. Sau ɗaya ko biyu ki buɗe ki ɗebo miyar da cokali ki zuba musu a ka. Alamar ya yi ita ce fatar ta ɗan tattare, tsinke ya shige ba gardama, in kin ciro shi ba danshin ƙwai a jiki. Wadda ke son saman ya yi ja, ba sai da tanderu ba: ta cire hulunan, ta shafa ɗan man shanu, ta rufe da murfin ƙarfe ta ɗora garwashi a kansa na minti 5, yadda masu gashin burodin tukunya ke yi.

Da yalo ko babbar gauta ma haka ne, sai dai a raba biyu, a ƙwaƙule cikin, a barbaɗa gishiri a bar shi minti 15 ya fitar da ɗacinsa, a ɗauraye. Naman da aka ƙwaƙule a yanka a soya tare da albasa. Ƙaramar kabewa kuwa ita ce ta ranar baƙi. A yanke mata kai, a kwashe 'ya'yan, a fara turara ta ita kaɗai har ta yi rabin dahuwa kafin a cika ta, in ba haka ba haɗin zai ƙone tun kabewa ba ta nuna ba. Duka-duka takan ci awa ɗaya. A kawo ta gaba ɗayanta a faranti a yanka a gaban jama'a.

Wata za ta ce, ina dalilin wannan wahala, ba gara in soya cukun in barbaɗa yaji ba? Soyayyen cuku da yaji abu ne mai daɗi, ba na musu. Amma rabin kilo in an soya, mutum biyu za su tashi da shi a tsaye kafin yara su dawo daga makaranta, ga man da ya sha. Rabin kilon nan in ya shiga tattasai 10 tare da zogale da shinkafa da ƙwai, gida guda ya ci, kowa ya sami rabonsa na abin gina jiki. Yawancin furotin da sinadarin ƙarfafa ƙashi da ke cikin lita biyu da rabi na madara sun taru a cikinsa. Waɗanda madara ke sa wa kumburin ciki da gudawa ma sukan iya cin cuku lafiya, domin yawancin sukarin madarar da ke damunsu ya bi ruwa ya fita. Yaron da ya wuce wata 6 ana iya haɗa masa nasa ba attaruhu ba gishiri, a dafa masa dabam ya dahu sosai, a murje masa. Tsoho marar haƙori ma ya samu.

'Yan uwana mata masu neman sana'a, ga ƙofa. Masu awarar waken suya sun cika bakin makarantu da tasha, amma ban ga abin da zai hana mace ta ƙulla da mata biyu ko uku na ruga, ta riƙa karɓar madarar safe a kan tsayayyen farashi, ta yi cuku mai gishiri a rufaffen mazubi ta kai Lafiya ba. Bafulatana ta huta da yawon talla a rana, ke kin sami abin yi. Irin wannan hulɗa ta kullum tsakanin gari da ruga, a yankin da ya sha ɗacin rikicin manoma da makiyaya, ni a ganina tana da nauyin da ya wuce na ciniki. Sai dai a fara da kaɗan, lita 5, har hannu ya faɗa, don madara ba ta jiran mai saye.

Abin da ya rage na dafaffen tattasan kada ya kwana a buɗe. In babu firiji, a ci shi a ranar, ko a mayar da shi wuta da dare ya yi zafi har ciki, a sake ɗumamawa da safe kafin a ba yara.

Lokaci ya cim mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga maganar man shanu: yadda ake soya shi da albasa ya daɗe bai yi wari ba, da yadda ake gane wanda aka yi wa algus. 

(Kiɗan rufe shiri)